Jingar da ɗalibai ke kawo min yanzu ba tasu ba ce, ta yaya zan ba da maki?

Malamin Tarihi ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa malamai da ɗaliban da ke wannan zaure. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda ke koyarwa a manyan makarantu.

Ina koyar da tarihi a wata jami'ar jiha a nan Arewa. Cikin kwasa-kwasan da ke hannuna akwai na 'yan aji biyu, tarihin Arewacin Najeriya a zamanin mulkin mallaka. Da yake 'yan tsangayar ilimi ma suna ɗaukarsa, ajin ya haura mutum 300. A tsarinmu maki 40 na ayyukan zango ne, 60 na jarrabawa. Tun da na kama aiki nake raba arba'in ɗin gida biyu: 20 na gwaji a cikin aji, 20 na jinga, wadda ɗalibi zai je ya yi bincike ya rubuto shafi huɗu ko biyar.

Wannan zangon na ba su jinga a kan tawayen Satiru na 1906. Da gangan na zaɓe shi, domin akwai abin tunani a ciki. Ƙauye ne kusa da Sakkwato, shekara uku kacal bayan Turawa sun ci birnin. Talakawa da bayin da suka gudo suka tashi da sunan Mahadiyya, a watan Fabrairu suka kashe Turawa uku da wasu daga cikin sojojinsu, a watan Maris aka dawo aka shafe garin, kuma masu sarauta na ɓangaren Turawa a wannan karon. Tambayar da na yi musu ita ce: me ya sa sarakuna suka mara wa waɗanda suka ci su da yaƙi jiya-jiya baya? Ba tambaya ce mai amsa ɗaya ba. So nake ɗalibi ya karanta, ya auna, ya tsaya a kan wata magana ya kare ta.

Da na fara dubawa sai jikina ya yi sanyi. Turanci tas, babu kuskuren nahawu ko ɗaya, daga yaran da na san hannunsu a takardar gwaji, waɗanda jimla uku a jere ke ba su wahala. Fasalin duk iri ɗaya: gabatarwa, kanun magana huɗu ko biyar, kammalawa. Magana mai santsi wadda za ka iya cire sunan Satiru ka sa na kowane gari a Afirka ta zauna daidai. A cikin tarin da na duba, ƙalilan ne suka ambaci Ɗan Makaho, malamin nan makaho da ya tsallako daga ƙasar da Faransa ke mulka, alhali na yi kusan rabin lakca a kansa.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne manazarta. Na ɗauki wasu na bi su ɗaya bayan ɗaya. Sunan marubuci na gaske ne, masani ne da muka sani, amma kan maƙalar da aka jingina masa bai taɓa rubuta ta ba. Ga sunan mujalla, ga shekara, ga lambar shafi, komai cif, amma babu ita a duniya.

Na kira wani ɗalibi ofis, ba da faɗa ba. Na ba shi kujera na miƙa masa takardarsa na ce ya bayyana min sakin layi na biyu da Hausa. Ya yi shiru yana murza gefen takardar. Na ce to, a wace jiha Satiru take a yau? Bai sani ba. Ya faɗa min gaskiya, tambayar ya kwafa ya zuba wa manhajar ƙirƙirarriyar basira a wayarsa. Ya ce wasu ma ba su kai nan ba, mai shagon buga takardu a bakin ƙofar makaranta suka ba kuɗi, shi ya fitar wa kowa tasa, ya buga ya ɗinke.

A da ma ana kwafa, ba yau aka fara ba. Amma a da mutum ɗaya mai ƙoƙari zai rubuta, goma su kwafa, kana ganin takarda ta uku ka gane. Kuma ko ba komai wannan mutum ɗayan ya shiga laburare. Tun da ChatGPT ta fito a ƙarshen Nuwamban 2022, musamman kuma da Meta AI ta shigo cikin WhatsApp a Najeriya a 2024, kowa na da marubuci a aljihunsa, kuma kowa kalmominsa daban.

Ni ba maƙiyin fasaha ba ne. Tun bayan kullen korona nake tura wa ɗalibai taƙaitaccen bayani ta saƙon murya, kuma na ga amfaninsa. Amma ga inda na tsaya. Shugaban sashenmu ya kawo shawarar a sayi manhajar da ke gano rubutun na'ura, duk wanda aka kama a ba shi sifili. Shin ana iya dogaro da ita? Idan kuma na soke jinga baki ɗaya, ta ina ɗalibin tarihi zai koyi neman hujja da tsara magana a rubuce? Domin wannan shi ne sana'ar tamu. Kuma duk shawarar da za a ba ni, a tuna mutum 300 ne, ni kaɗai ne, ba ni da mataimaki.

Na Cibiyar Kwamfuta ya rubuta:

Wa alaikumus salam Malam. Ni ba malamin aji ba ne, ina aiki a cibiyar kwamfuta ta wata kwalejin kimiyya da fasaha, mu ke kula da ɗakin jarrabawar kwamfuta da shafin karatu na intanet. Bari in ɗauki tambayarka ta farko, domin ita na sani.

Ka roƙi shugaban sashe kada a yanke wa kowane yaro hukunci da sakamakon waccan manhajar. Ba ra'ayina kawai ba ne. Kamfanin OpenAI, masu ChatGPT ɗin da kansu, sun fitar da tasu manhajar ganowa a Janairun 2023. Da bakinsu suka ce kashi 26 cikin ɗari na rubutun na'ura kawai take kamawa, kuma tana yi wa rubutun ɗan'adam ƙazafi a kashi 9 cikin ɗari. A watan Yulin shekarar suka janye ta saboda rashin inganci. Idan masu abin sun kasa, sai a yi hattara da mai zuwa yana tallar tasa.

Kamfanin Turnitin ma, masu manhajar gano kwafe, sun ƙara nasu ɓangaren gano rubutun na'ura a Afrilun 2023, suka ce kuskurensu bai kai kashi 1 cikin ɗari ba. Jami'ar Vanderbilt ta Amurka ta zauna ta yi lissafi: a 2022 ta tura takardu kimanin 75,000, ke nan kashi 1 ɗin nan ɗalibai kusan 750 ne za a iya tuhuma ba su ji ba ba su gani ba. A watan Agustan 2023 ta kashe wannan ɓangaren a wurinta.

Wanda ya fi shafar mu shi ne binciken da wasu masana na Jami'ar Stanford suka wallafa a 2023. Sun gwada manhajoji bakwai a kan rubuce-rubucen da mutanen da Turanci ba harshen uwarsu ba ne suka yi a jarrabawar gwada Turanci ta TOEFL, rubutun mutane ne zalla, amma fiye da rabi aka ce na na'ura ne. Dalilin yana da sauƙin fahimta. Waɗannan manhajojin ba sanin gaibu suke yi ba, auna yadda kalma ke bin kalma suke yi. Idan rubutu ya cika bin hanyar da aka saba, kalmomi masu sauƙi, jimloli masu kama da juna, sai su ce na'ura ce. To wane ne ke irin wannan rubutun? Yaronmu mai ƙoƙari da ya koyi Turanci a aji, yake lallaɓa jimlarsa don kada ya yi kuskure. Shi za a kama. Mai wayo kuwa zai sa wata manhajar ta sauya masa kalmomi ya wuce lafiya.

A bambanta wannan da manhajar gano kwafe, irin su EagleScan da kwamitin shugabannin jami'o'i ya ƙaddamar a 2021. Ita tana nuna maka ga inda aka ɗauko magana, ka buɗe ka gani da idonka, hujja ce. Waccan kuwa lamba kawai za ta ba ka. Idan ɗalibi ya rantse shi ya rubuta, me za ka ajiye a gaban kwamitin ladabtarwa?

Maganar manazartan ƙarya kuma, haka abin yake aiki. Manhaja irin ChatGPT ba laburare take shiga ba, hasashen kalma ta gaba take yi, don haka tana iya ƙera abin da ya yi kama da sunan maƙala. Ba ɗalibanka kaɗai ya ci ba. A watan Yunin 2023 wata kotu a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun kafa hujja da shari'o'i shida da ba a taɓa yi ba. Hanyar da ka bi, ta bin manazarta ɗaya bayan ɗaya, ta fi kowace manhaja ƙarfi.

'Yar Ajin Ƙarshe ta rubuta:

Allah ya gafarta Malam, a yi min afuwa in sa baki a maganar manya. Ina ajin ƙarshe a fannin nazarin zamantakewa, ba a makarantarku ba. Ina so ku ji yadda abin yake daga inda muke zaune.

Ba ina kare wanda ya kwafa ba ne. Amma a zango ɗaya muna ɗaukar kwas tara ko goma, kuma kusan duk malamai sai an kusa jarrabawa suke tuna ba su da makin zango, sai jinga ta sauko mana a mako biyu kamar an haɗa baki. Kowacce a buga ta a kwamfuta, a yi mata bango. Kuɗin bugawa kaɗai ya isa damuwa ga wadda ke lissafin abin da za ta ci. Tun da aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kuɗi na kashi 50 a farkon 2025, data ma sai an yi mata tanadi. A ɗakin kwananmu soket biyu ne ke aiki, da an kawo wuta kowa da cajarta a hannu.

Sannan abin da ya fi karya mana gwiwa, wallahi Malam, tun da na shigo makarantar nan malama ɗaya ce ta taɓa dawo min da jingata da jan biro a jiki. Sauran muna miƙa wa shugaban aji, ya ɗaure da roba ya kai ofis, shi ke nan. Wata rana na shiga wani ofis na ga ɗaurin ajinmu a ƙasa bayan ƙofa, robar ma ba a cire ba, kuma maki ya riga ya fito. Idan ɗaliba ta san ba za a karanta ba, da wane ƙarfin zuciya za ta kwana uku a kai? Ku da kuka zauna kuka bi manazarta, irinku ba su da yawa.

Ni ina amfani da manhajar ƙirƙirarriyar basira, ba zan ɓoye ba. Amma ga yadda nake yi. Idan malami ya yi bayani da Turanci mai nauyi a zauren da ba lasifika, ina can baya ban ji rabi ba, da dare sai in ce ta sauƙaƙa min ma'anar abin, ta ba ni misali, in sake tambaya sau nawa nake so ba wanda zai yi min tsawa ko a yi min dariya. Mata da yawa a ajinmu ba sa iya ɗaga hannu a gaban mutum ɗari biyu. Wannan ya taimake mu ƙwarai. Da na fara rubuta kundina, ita ke nuna min inda jimlata ta karye, amma tambayoyin da na yi wa mata masu sana'ar ƙuli-ƙuli a unguwarmu ni na je na yi, kuma babu manhajar da ta san abin da suka faɗa min.

Roƙona shi ne kada a ce mana haramun ne kawai a yi shiru. Ba wanda ya taɓa tsayawa a aji ya nuna mana inda take ƙarya. Da yawanmu sun ɗauka duk abin da ta faɗa gaskiya ne. Ni kaina sai yanzu da na karanta bayanin da ke sama na fahimci dalilin da ya sa take ƙirƙiro littattafai.

Tsohon Hannu ya rubuta:

Malam, ni shawarata gajeriya ce. A koma biro da takarda. Duk makin zango a yi shi a cikin aji, waya a jaka, jaka a gaban allo. Mu haka aka yi mana kuma mun fito mun iya rubutu. Wanda zai riƙe aji gobe ko ya zauna a kujerar alƙali, dole a tabbatar abin da ke kansa nasa ne. 'Yata da ta yi magana a sama, na ji kukanki kuma kina da gaskiya a kan malaman da ba sa duba aiki, wannan amana ce suka ci. Amma laifin wani ba ya halatta na wani.

Malama Daga Kwalejin Ilimi ta rubuta:

Baba Tsohon Hannu, ranka ya daɗe, na yarda da rabin maganarka. Rubutu a cikin aji dole ne ya dawo, ni ma na dawo da shi. Inda na rabu da kai shi ne, a cikin minti arba'in yaro zai nuna maka abin da ya haddace ne kawai. Neman hujja, tambayar mutane, gwada magana biyu masu karo da juna, waɗannan ba sa yiwuwa a kan benci. Kuma su Malam ya ce yana tsoron rasawa.

Malam, ina koyar da nazarin zamantakewa, ajina bai kai naka ba amma ya haura 200. Ga abin da nake yi, ka ɗauki wanda ya dace da kai.

Na daina ba da tambayar da amsarta ke intanet. Ina tura su wurin mutane. Kai da kake tarihi ma ka fi ni samun sauƙi. Ka ce kowane rukuni ya nemi dattijo ko dattijuwa a garinsu su yi hira a kan abu guda: canjin hannun tuƙi na Afrilun 1972, ranar da naira ta maye gurbin fam a Janairun 1973, farin da aka yi a farkon shekarun 1970, ko yadda aka kwashi yara zuwa makarantar UPE, wato shirin firamare kyauta ga kowa, a 1976. Tunda kwas ɗinka na zamanin Turawa ne, akwai waɗanda iyayensu suka ba su labarin haraji da jangali, da aikin tilas, da cinikin gyaɗa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano. Su naɗi muryar a waya, da izinin mai maganar, su kawo tare da rubutun. Nan wayar ta zama kayan aiki. Wata ɗalibata ta kawo min hirar da ta yi da kakarta a kan yadda aka ɓoye ta a rumbu don kada a rubuta sunanta a makarantar boko. Kana jin tsohuwar tana dariya, akuya na kuka a bayanta, jikar tana cewa "Inna, sai kuma aka yi yaya?" Rubutun yarinyar cike yake da kuskuren Turanci, amma na ba ta maki mai kyau, domin ta gwada abin da kakar ta faɗa da abin da ke cikin littafi ta nuna inda suka saɓa.

Sai kare aiki da baki. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, a makarantar allo ba a wanke wa yaro allonsa sai ya biya a gaban malam. Ina raba su rukuni-rukuni na mutum takwas zuwa goma. Kowane rukuni minti goma. Ba su ke zaɓar mai magana ba, ni ke kiran lamba daga takardar sunaye, in yi tambaya biyu ko uku. Makin rukuni rabi, makin wanda aka tambaya rabi. Da yake ba wanda ya san wa za a kira, su da kansu suke matsa wa malalacin cikinsu ya karanta. A lissafinka rukuni 30 ne ko ɗan fiye, awa biyar zuwa shida ke nan, ka raba su cikin makonni. Ka gwada da lokacin da duba takarda 300 masu shafi biyar ke ci maka.

Na uku, kuma shi na fi jin daɗinsa, ina shigo da manhajar ƙirƙirarriyar basirar cikin aji da kaina. Ba mu da majigi mai aiki, don haka ina buga amsar da ta ba ni in yi fotokwafi, rukuni ɗaya takarda ɗaya. In ce su nemo min kuskure uku, da abu biyu da ta tsallake, da manazarta guda da za su tabbatar akwai ta ko babu. Ranar farko ajin ya kaure da musu. Tun daga nan suka daina kallonta a matsayin malamar da ba ta kuskure.

Ba zan ce maka komai ya gyaru ba. Akwai wanda zai naɗi muryar abokinsa yana maƙe murya kamar tsoho. Akwai ɗalibai mata da matan aure da fita hira ke yi musu wuya, su nake cewa su yi da na cikin gida. Kuma manhajojin suna ƙara ƙwarewa, Hausarsu ma ta fi ta da. Amma yaron da ya tsaya a gabanka, cikin minti biyu za ka san ko ya taɓa aikin.

Malamin Tarihi ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri.

Ɗan'uwa na cibiyar kwamfuta, na kwafi bayaninka zan kai taron sashe. Maganar binciken Stanford ita ta fi kama ni, domin ina da 'yan ƙalilan da na tabbata da hannunsu suka rubuta, kuma irin Turancin da ka siffanta ne nasu, mai sauƙi, a tsanake. In aka ba ɗaya daga cikinsu sifili saboda lambar da na'ura ta fitar, ba zan iya haɗa ido da shi ba.

'Yata ta ajin ƙarshe, maganarki ta yi min nauyi a zuciya kuma gaskiya ce. Ɗaurin takardun da kika gani a bayan ƙofa, duk wanda ya yi aiki a jami'a ya san shi. Wani ɓangare sakaci ne, wani kuma yawa ne: malami ɗaya, kwas huɗu ko biyar, ga kundayen 'yan ajin ƙarshe, ga zangon da aka matse tun bayan yajin aikin wata takwas na 2022 don a cike giɓi. Amma ɗalibi ba shi ya jawo wannan ba, kuma yana da haƙƙin a karanta abin da ya rubuta. Ki ci gaba da yadda kike yi da kundinki.

Baba Tsohon Hannu, gwajin cikin aji yana nan, ba zan taɓa shi ba.

Ga abin da na yanke. Jingar Satiru ba zan ba kowa sifili a kanta ba, domin ban gindaya musu wata doka a kan manhajar ba tun farko, jami'ar ma ba ta da rubutacciyar doka a kai. Zan mayar wa kowa takardarsa. Mako mai zuwa kowa ya zo da ita aji, ya zaɓi manazarta biyu daga cikin nasa ya nemo su, a laburare ko a intanet, ya rubuta min da hannu a shafi ɗaya abin da ya tarar. Wanda ya rubuta "na nema babu ita" ya faɗi gaskiya, zai samu makinsa. Daga nan mu koma kan ainihin tambayar, mu yi ta da baki, rukuni-rukuni kamar yadda Malama ta tsara. Zango mai zuwa kuma zan fara da hirar dattawa tun mako na uku, ba sai jarrabawa ta ƙarato ba. Har na fara tunanin waɗanda suka fi ƙoƙari in nema musu hanyar zuwa Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna, su ga rahotannin Razdan da idonsu, su taɓa takardar.

Saura abu ɗaya. Idan rukuni 30 suka turo min muryoyi ta WhatsApp, wayata ba za ta ɗauka ba, kuma ba na so hirar tsofaffin nan ta salwanta, domin wasunsu ba za a sake samun su ba. Ina zan ajiye?

Na Cibiyar Kwamfuta ya rubuta:

Malam, kada su turo maka ta WhatsApp, zai cakuɗe da sauran saƙonni kuma ranar da waya ta lalace an yi asara. Ka fara tambayar cibiyar kwamfuta ta makarantarku ko suna da Moodle ko wani shafin karatu makamancinsa. Makarantu da yawa sun kafa tun lokacin korona amma malamai ƙalilan ne ke shiga. In akwai, za su buɗe maka kwas ɗin, kowane rukuni ya ɗora muryarsa da rubutunsa a ƙarƙashin sunansa, da ranar da ya ɗora. In babu, ka buɗe adireshin Gmail na musamman don kwas ɗin, yana zuwa da gigabait 15 kyauta. Hirar minti ashirin in aka naɗe ta da manhajar ɗaukar murya ta waya ba ta cika wuce megabait 20 ba, ke nan rukuni 30 ba za su cinye ko gigabait ɗaya ba.

Ka sa musu doka a kan sunan fayil: lambar rukuni, sunan gari, shekara. A farkon naɗin ɗalibi ya faɗi ranar da wurin, sannan a ji dattijon da bakinsa ya ce ya yarda a ajiye muryarsa. Ƙarshen zango ka sauke duka a kan faifan ajiya guda biyu, ɗaya a ofishinka, ɗaya ka miƙa wa laburaren sashe a rubuta shi a rajista.